Ku Bar Aerith Ta Huta

Yau dai ba littafi na ɗauko mana ba, wasan gem ne, kuma na san wasu za su ce me ya haɗa kifi da kaska. To ku ɗan yi mini uzuri, domin kuwa wannan wasa labari ne dogo da ake ta sakinsa kashi-kashi kamar yadda marubutanmu ke yi mana, kuma masoyansa a faɗin duniya suna cikin irin halin nan da muke shiga idan littafi ya zo gangara, wato kowa ya ja ɗamarar gaya wa marubuci yadda zai ƙarasa. Wanda bai buga ba alhali yana da niyya, ya kwana da sanin cewa zan fasa ƙwai tun daga farko har ƙarshe.

Sunan wasan Final Fantasy VII. Kamfanin Square na ƙasar Japan ne ya fitar da shi a 1997 a kan PlayStation ta farko, cikin faifai uku. Ba irin na ƙwallo ko na dambe ba ne da ake bugawa a gidan gem a tashi cikin minti goma. Wannan shiga rigar jarumin za ka yi, ka yi ta yawo da shi gari-gari, kana tara abokan tafiya, kana saya musu makamai, kana renon ƙarfinsu, har ku share sa'o'i arba'in ko fiye tare. Labarin ya soma ne a birnin Midgar, inda kamfanin Shinra ke zuƙo wani makamashi mai suna mako daga ƙarƙashin ƙasa yana sayar wa mutane wutar lantarki. Shi kuwa makon nan ruhin duniya ne, wani kogi da duk mai rai ke komawa cikinsa idan ya mutu, daga cikinsa kuma sabuwar rayuwa ke fitowa. Bari mu kira shi Kogin Rai. Jaruminmu Cloud sojan haya ne da ya bi 'yan tawayen Barret suna fasa tashoshin Shinra, tare da Tifa wadda suka tashi gari ɗaya. A nan ya gamu da Aerith, budurwa 'yar shekara 22 mai tallar fure a unguwar talakawa, wadda ita kaɗai ta rage daga tsohuwar al'ummar Cetra masu jin maganar ƙasa.

A ƙarshen faifai na farko, Aerith tana durƙushe tana addu'a a kufan birnin kakanninta, mugun labarin, Sephiroth, ya diro daga sama ya soke ta da doguwar takobinsa ta baya. Ba ta yi jawabi ba, ba ta bar wasiyya ba. Farin dutsen da ke ɗaure a gashinta ya suɓuce ya yi ta tsalle a kan matakala har ya faɗa ruwa. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne, nan take wasan ya jefa ka cikin faɗa da wani dodo, amma bai sauya kiɗa zuwa na yaƙi ba, taken Aerith mai sanyi da Nobuo Uematsu ya tsara shi ne ya ci gaba da tashi kana faɗa. Bayan nan Cloud ya ɗauki gawarta ya shiga tafki da ita ya sake ta ta nutse. Ka buɗe jerin mutanenka ka tarar gurbinta babu kowa. Ni da na dogara da ita wajen warkar da raunukan tawaga, na ɗauki kwanaki ina kai yatsa inda sunanta yake kafin in tuna.

Mutane fa ba su yarda ba. A cikin wasan akwai wani gashin tsuntsu da ake jefa wa wanda ya faɗi a fagen fama ya miƙe, sai aka yi ta tambayar don me ba zai yi aiki a kanta ba. Jita-jita ta cika intanet ta wancan zamani: wai idan ka yi kaza ka kai wa wane kaza za ta dawo. Duk ƙanzon kurege ne. Masu na'urar maguɗi ta GameShark sun iya cusa ta cikin tawaga, amma labarin bai san da zamanta ba. Su kuwa waɗanda suka ƙirƙiri wasan, irin su Yoshinori Kitase da Tetsuya Nomura, sun sha bayyana cewa da gangan suka yi, mutuwa suke so irin ta gaske mai zuwa babu sallama, ba irin ta fim ba inda jarumi ke samun sukunin yin dogon bayani kafin ya cika. Shi ma Hironobu Sakaguchi, uban jerin wasannin baki ɗaya, ya danganta tunaninsa kan rai da makomarsa da rasuwar mahaifiyarsa.

Sai ga shi bayan shekara 23 kamfanin, wanda yanzu ake kira Square Enix, ya dawo da labarin sabo fil, aka kuma raba shi gida uku. Kashi na farko, Remake, ya fito a 2020, na biyu, Rebirth, ranar 29 ga Fabrairu 2024. To amma fa ba sabon fenti kawai suka shafa ba. A kashi na farko sun shigo da wasu halittu masu kama da fatalwa, dogaran ƙaddara, waɗanda aikinsu shi ne su tabbatar komai ya gudana yadda ya gudana a 1997. Duk wanda ya nemi kauce wa tsohon layi sai su tare shi. A ƙarshen kashin su Cloud suka yaƙe su suka ci nasara, har ma aka nuna Zack, abokin Cloud kuma saurayin Aerith na farko, wanda kowa ya san sojojin Shinra sun harbe shi a bayan gari, ya tsira a wata duniya ta daban. Ko makaho ya ga inda aka dosa. An buɗe wa mutane ƙofar sa rai, suka kuwa yi shekara huɗu suna lissafin yadda za a ceci yarinyar nan.

Da aka zo wurin a Rebirth sai aka yi mana wasa da hankali. An nuna Cloud ya tare takobin, sannan hoton ya rikice, ga jini a ƙasa. Sauran tawaga suna kuka, Tifa ta kasa ko ɗaga kai, shi kuwa Cloud yana zaune yana hira da Aerith, wadda babu mai ganinta sai shi. Ba a ma nuna sanya ta cikin tafkin ba. Daga nan aka rabu gida-gida. Wasu sun ce tana raye a wata duniya kuma kashi na uku zai haɗe duniyoyin ta dawo. Wasu na so a ba mai wasa zaɓi, kowa ya samu ƙarshen da ransa ke so. Ga kuma tsohuwar rigimar 'yan bayan Tifa da 'yan bayan Aerith kan wacece ta dace da Cloud, rigimar da ta girmi da yawa daga cikin masu yinta. Mai karatu ya san irinta sarai, ita ce dai ta 'yan uwargida da 'yan amarya da muke gani a ƙarƙashin kowane babi.

Ni dai roƙona ɗaya ne ga Naoki Hamaguchi mai ba da umarni da Kazushige Nojima marubuci: su bar ta ta mutu, su kuma nuna mana ƙarara.

Ba don bana sonta ba ne, dalilina yana jikin Cloud. Duk wanda ya buga na 1997 ya san cewa yaron nan a kan ƙarya yake rayuwa ba tare da shi kansa ya sani ba. Yana bugun ƙirji cewa shi tsohon babban mayaƙin Shinra ne, alhali kuwa bai taɓa samun shiga wannan runduna ba. Ƙaramin soja ne mai rufe fuska da hular kwano don kunyar kada 'yan garinsu su gane ya gaza. Da Sephiroth ya ƙone garinsu Nibelheim, mahaifiyarsa ta mutu, aka yi shekara huɗu ana gwaje-gwaje a jikinsa, sannan Zack ya mutu a gabansa, sai ƙwaƙwalwarsa ta ari tarihin Zack ta yafa. Wuri mafi daraja a wasan kakaf shi ne inda shi da Tifa suka faɗa Kogin Rai, ta zauna da shi suna tsintar tarihinsa ɗaya bayan ɗaya, har ya iya buɗe baki ya faɗi ko shi wane ne a gaban abokansa. Wannan wuri yana nan tafe a kashi na uku. To mutumin da ciwonsa shi ne ƙin kallon abin da ya rasa, ta yaya za a warkar da shi ta hanyar ce masa ai ba ka rasa komai ba? Idan Aerith ɗin da yake gani ta tabbata mai rai, to Tifa da Barret da ƙaramar Yuffie da suka yi kuka su ne suka yi kuskure, cutarsa kuma ta zama basira. Ni so nake a cikin Kogin Rai ɗin nan, bayan ya tuna Nibelheim ya tuna Zack, a ce masa saura guda. A mayar da shi bakin tafkin da aka ɓoye mana, ya ga hannayensa ɗauke da ita. Ina kyautata zaton don haka ma aka ɓoye.

Na san masu ja da ni suna da hujja, kuma ba ƙarama ba. Za su ce in dai inda aka tsaya da can za a koma, me ya sa aka wahalar da mu da yaƙin dogaran ƙaddara? An yi mana alƙawarin sabuwar hanya, mun sayi na'ura sabuwa, mun jira shekaru, sannan a ce kwan-gaba-kwan-baya aka yi? Gaskiya ne, kuma kamfanin shi ya jawo wa kansa. Matsin lambar masoya kuma yana aiki, domin a 2012 da jama'a suka yi ca a kan ƙarshen wasan Mass Effect 3, sai da kamfanin BioWare ya fitar da ƙarin bayani kan ƙarshen kyauta. Mu ma nan mun sha ganin marubuciya ta kashe tauraro a babi na arba'in, aka yi mata caa, sai ga shi a babi na arba'in da biyar ashe doguwar suma ya yi a wani asibiti a ƙasar waje. A ranar kowa murna yake, amma ku gaya mini tsakani da Allah, wa ke sake jin tsoro idan aka ce wani ya kwanta ciwo a littafinta na gaba?

Canjin da nake nema yana wani wajen. A Rebirth an riga an ba Aerith abin da na 1997 bai ba ta ba: ta san abin da ke jiranta, ta samu yini guda ta zaga unguwarsu da Cloud, ta yi ƙawance na gaske da Tifa, ta hau dandamali ta rera waƙa. Wannan ma sauya ƙaddara ne. Abin da ya rage a biya bashin waɗanda ta bari.

Na farkonsu Elmyra. Matar nan ta je tashar jirgin ƙasa ne jiran mijinta da ya tafi yaƙin Wutai, sai ta tarar da wata mata tana gargarar mutuwa da 'yarta 'yar shekara bakwai a gefe. Ta ɗauki yarinyar ta riƙe, mijin kuma bai dawo ba, Aerith ce ma ta fara gaya mata ya rasu tun kafin takarda ta iso. Shekara 15 tana ƙoƙarin kare ta daga Shinra. A wasan 1997 yaya aka yi ta ji labarin mutuwar 'yarta? A bakin Cait Sith muka ji, cikin 'yan layuka kaɗan, cewa an gaya mata ta yi ta kuka. Shi ke nan. Mutanen da suka fita da 'yar mutane daga gida, suna da jirgin sama a hannunsu, babu wanda ya taka ya je gaisuwa. Wannan abu ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya. Ina so kashi na uku ya tilasta mini in tuƙa jirgin nan in sauka, in ƙwanƙwasa ƙofa, in zauna a gaban tsohuwar nan ba tare da takobi ya yi mini amfani ba. Kada a mai da shi ɗan aikin gefe da mutum zai iya tsallakewa. Ita ma Marlene 'yar wajen Barret tana can, kuma yaro ba ya jin kunyar tambayar da manya ke gudu.

Shi kuwa Zack, a bar su su yi sallama shi da Cloud ido da ido, Cloud yana cikin hayyacinsa, sannan duniyoyin nan da aka yayyanka su koma cikin Kogin Rai inda suka fito. Fim ɗin Advent Children na 2005 ya riga ya nuna shi da Aerith suna juya baya suna fita ta ƙofar majami'ar nan mai furanni, kuma ban ga abin da za a ƙara a kan haka ba.

Sannan kada a taɓa wurin rufewa. A na asali, lokacin da ƙaton dutsen da Sephiroth ya kira daga sama ya sauko kan Midgar, farin tsafin da Aerith ta roƙa ya zo a makare, sai Kogin Rai da kansa ya ɓullo daga ƙasa ta ko'ina ya taya shi. Aka hasko fuskarta na ɗan daƙiƙu. Da tana raye tana tsaye a bayan Cloud da sandarta, wa zai taso da kogin daga ciki? Daga nan wasan ya tsallaka shekara 500, ga Red XIII, dabbar nan mai kama da zaki da ke cikin tawaga, ya tsufa yana gudu da 'ya'yansa biyu, suka hau tsauni suka hango Midgar ciyawa da itatuwa sun cinye ta, ba a nuna mutum ko ɗaya ba, sai dariyar yara da ake ji bayan allo ya yi duhu. Na ji masu cewa a sauya wannan da biki, a nuna wa Cloud ya aura, 'ya'ya nawa suka haifa. Ni a bar mini kufan nan yadda yake, in ya so cikin ciyawar a sa 'yan furanni masu ruwan ɗorawa irin waɗanda take sayarwa gil ɗaya.