Kowa Ya Bar Gida, Gida Ya Bar Shi?

Mu malamai shida ne a kwalejinmu da ke yankin Zabori muka ƙirƙiro wa kanmu wani wasa na rage dare. A farkon kowace shekarar ƙwallo, kowannenmu yakan zaɓi ƴan wasa goma sha ɗaya daga gasar Ingila, a rubuta su cikin kaye guda wanda ke hannuna. Wanda ɗan wasansa ya ci ƙwallo ya samu maki, wanda nasa ya samu jan kati a rage masa. Ba caca ba ce: na ƙarshe shi ke sayen shayi da sukari na wata guda. Muna da ƙa'ida ɗaya da ta fi kowace daɗi, wato kowa yana da ikon riƙe mutum uku cikin nasa zuwa shekara mai zuwa.

A haka muke lafiya har watan Yunin 2022, lokacin da Sadio Mané ya bar Liverpool ya koma Bayern Munich ta Jamus. Malamin lissafi ne ke riƙe da shi, kuma shekara da shekaru yana sa shi cikin ukunsa. Da shi ya yi alfahari a 2019, sa'ad da Mané ya ci ƙwallo 22, ya raba kambun gwanin ci da Salah da Aubameyang. Ranar da muka zauna sabon zaɓe, sai malamin tarihi ya ce in soke sunan, domin wasanmu na gasar Ingila ne, kuma kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Malamin lissafi ya dube shi ya ce: "Malam, ni ban sayar da shi ba. Waɗanda suka sayar da shi ba su shawarce ni ba. Da wane laifi za a hukunta ni?" Aka tashi ba a sha shayi ba, aka bar ni da kaye da alhakin yanke hukunci.

Da na bincika, sai na tarar gardamar ta girme mu. A Amurka akwai wasan da ake kira besbol, na sanda da ƙaramar ƙwallo, mai manyan rukunai biyu: na Ƙasa, wanda aka kafa a 1876, da na Amurka, wanda ya zama babban rukuni a 1901. A 1980 wani marubuci, Daniel Okrent, da abokansa suka tsara irin wasanmu na takarda a birnin New York, suka raɗa masa sunan gidan abincin da suke haɗuwa, La Rotisserie Française. Masu zaɓe daga rukuni ɗaya kawai sun sha karo da matsalarmu, tunda ƙungiyoyi kan yi musayar ƴan wasa tsakanin rukunan biyu a tsakiyar shekara. Wasu suka ce a soke sunan nan take. Wasu suka ce a ci gaba da ƙirga masa maki har ƙarshen shekara, amma ba a riƙe shi zuwa baɗi. Wasu kuma suka ce a biya mai shi diyya da wanda aka kawo a madadinsa. Abin da masu hankalinsu suka yi ittifaƙi a kai shi ne a rubuta ƙa'idar tun kafin a fara, wanda mu muka sani da cewa ba a fafe gora ranar tafiya.

Amma abin da ya hana ni barci ba Mané ba ne. Akwai wani littafi na biyu a hannuna, wato na kiran suna, kuma shi ma ina soke sunaye a cikinsa. Mu mutanen bakin iyaka ne. Yaro yana aji yau, gobe a ce ya bi kawunsa kasuwanci Kamba, ko an kai shi karatun allo Birnin Kebbi, ko ya tsallaka gadar Gaya zuwa Malanbil neman abin sa wa baki. Shi ma, kamar ɗan ƙwallon nan, da wuya a ce shi ya yanke shawarar; manya ne suka yi ciniki bisa kansa. Ni kuwa in ja layi da jan biki, in rubuta cewa ya bari, in wuce ga suna na gaba. Shekaru na yi ina wannan ba tare da na tambayi kaina ko barin gari barin gida ne ba.

Garinmu da kansa ya isa ya koya mini. Har zuwa 2011 Zabori na ƙarƙashin gundumar Gaya. Da aka sake rabon ƙasa a wannan shekara, aka mayar da mu ƙarƙashin Junju tare da Karakara. An canza mana rukuni a takarda, amma ba wanda ya daina zuwa biki ko gaisuwar mutuwa wurin danginsa na Gaya. Haka da Nijeriya ta rufe iyakarta a watan Agustan 2019, da kuma rufewar da ta biyo bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023: an tsayar da motoci, ba a tsayar da zumunta ba.

Duk da haka, malamin tarihi yana da tasa gaskiyar. Wasa ba ya yiwuwa sai da iyaka; in kowa zai ƙirga ƙwallon Jamus da na Italiya, to babu sauran gasa. Aji ma haka yake: benci ba ya isa, kuma akwai yaro a ƙasa yana jiran wurin zama. Saboda haka hukuncin da na kawo musu shi ne: wanda ya bar gasa ba a ƙirga masa maki ko ɗaya, amma mai shi yana iya riƙe sunansa shekara guda, da sharaɗin ya cinye ɗaya daga cikin gurabensa uku. In ya dawo, nasa ne. Cristiano Ronaldo ma ya koma Manchester United a 2021 bayan shekara goma sha biyu. Riƙon amana dai sai mutum ya biya wani abu a kansa, in ba haka ba fatar baki ce kawai.

Malamin lissafi ya riƙe Mané. Ya buga shekarar da gurbi ɗaya a wofi, ya zo na ƙarshe, ya sayi shayi. A 2023 Mané ya wuce Al-Nassr ta Saudiyya, muka soke sunan ba gardama.

Ni kuwa tun daga lokacin na daina gaggawar ɗaukar jan biki. Yaron da ya tsallaka iyaka nakan yi wa sunansa alama da fensir, in aika wa iyayensa cewa wurinsa na nan har ƙarshen shekara. Cikin biyun farko da na yi wa haka, ɗaya bai dawo ba. Ɗayan ya shigo wata safiya bayan girbi, ya tsaya bakin ƙofa yana sunkuyar da kai, ya ce: "Mushe, ko an cire ni?" Na ɗauki magogi na goge alamar, na ce masa ya je ya zauna.