Tafkin Nyos: Inda Aka Sa Wa Ruwa Mai Tsaro

A arewa maso yammacin ƙasar Kamaru, ba nisa da iyakar Nijeriya, akwai wani tafki a kan dutse wanda ake kira Nyos. Ba shi da faɗi ainun, amma zurfinsa ya wuce mita 200, gama yana zaune ne a bakin wani tsohon dutse mai aman wuta. Ƙasar wurin tana da sanyi da ciyawa mai kyau, saboda haka Fulani makiyaya suka daɗe suna kiwo a can. Akwai Hausawa 'yan kasuwa kuma a garuruwan Bamenda da Wum, har baƙo yakan ji ana ciniki da Hausa.

Mun kai ziyara wurin da rani a shekara ta 2015. Daga Bamenda muka kama hanyar Wum, tafiyar wajen kilomita 80, muka wuce inda kogin Menchum yake gangarowa daga kan dutse da ƙara mai yawa. Daga Wum hanya ta zama ta jar ƙasa, hawa da gangara, sai mota mai ƙarfi. Da muka hau bakin tafkin muka tarar da ruwa kwance shiru, duwatsu sun kewaye shi. A tsakiya kuwa ga ruwa yana feshi sama daga bakin bututu. Wanda bai san labarin wurin ba zai ce ado ne aka yi domin baƙi. To, ga labarin.

Ran Alhamis 21 ga watan Agusta, 1986, da dare wajen ƙarfe 9, mutanen ƙauyukan kusa suka ji ruri kamar na tsawa daga wajen tafkin. Wata iska mai yawa ta taso daga ƙarƙashin ruwa. Irin iskar nan ce da take sa lemon kwalba kumfa idan aka buɗe shi. Ba ta da launi, ta kuma fi iskar da muke shaƙa nauyi, don haka ta bi kwari tana gangarawa kamar rigyawa, har wajen kilomita 25. Ta rufe ƙauyukan Nyos da Cha da Subum. Fitilu suka mutu, mutane suka faɗi inda suke, waɗansu a gado, waɗansu a bakin murhu. Mutum 1,746 suka rasu, da dabbobi wajen 3,500. Ko tsuntsaye da ƙudaje ba su tsira ba. Waɗanda suke zaune a kan tudu su ne galibi suka kuɓuta. Da gari ya waye aka ga ruwan tafkin ya zama ja, saboda ƙarfen da ke ruwan ƙasa ya taso sama.

Abin da ya ƙara baƙin ciki shi ne jinkirin labari. Ba waya a ƙauyukan nan, hanya kuma ba kyau da damina. Sai da waɗanda suka farfaɗo suka kai kansu Wum, da ƙafa ko a kan babur, kafin hukuma ta san abin da ya auku. Kwanaki suka wuce kafin taimako ya isa sosai. Dubban mutane aka kwashe zuwa sansani, aka hana su komawa gonakinsu.

Ashe kuwa an riga an sami faɗaka. Shekara biyu kafin wannan, a watan Agusta na 1984, tafkin Monoun, shi ma a Kamaru, ya fitar da irin iskar nan ya kashe mutum 37. Ba a gane dalilin da wuri ba.

Bayan masifar Nyos masana daga ƙasashe da dama suka zo suka bincika. Suka gano iskar tana tsattsafowa ne daga ƙarƙashin dutse, tana narkewa cikin ruwan ƙasa, nauyin ruwan sama kuma yana danne ta kamar murfin kwalba. Shekara da shekaru tana taruwa, har ranar da wani abu ya motsa ruwan, sai ta fashe gaba ɗaya. Suka kuma ga tana sake taruwa.

Gwamnatin Kamaru, da taimakon masana na Faransa da Amurka da Japan, ta ɗauki matakai uku. Na fari, a shekara ta 2001 aka zura dogon bututu har kusa da gindin tafkin. Da an jawo ruwa sau ɗaya, iskar da kanta take tura shi sama, ba a bukatar inji. Haka take fita kaɗan kaɗan, ta baje cikin sarari ba ta cuci kowa ba. A shekara ta 2011 aka ƙara bututu biyu. Feshin da muka gani ke nan. Na biyu, aka kafa na'ura mai auna iska tare da jiniya, domin idan iskar ta yi yawa jiniya ta yi kuka, jama'a su gudu kan tudu. Na uku ya shafi bangon tafkin.

A gefen arewa, abin da yake riƙe da ruwan wani bango ne na duwatsu marasa ƙarfi, ruwan sama yana cinsa a hankali. A shekara ta 2005 masana na Majalisar Ɗinkin Duniya suka yi kashedi cewa yana iya rushewa. In ya rushe, ruwan zai bi rafuka ya faɗa kogin Katsina-Ala, ya shiga jihohin Taraba da Binuwai. Daga baya Tarayyar Turai ta ba da kuɗi aka ƙarfafa bangon da kankare. Hausawa sun ce idan gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa. Gwamnatin Nijeriya ta gina madatsar ruwa ta Kashimbila a ƙasar Takum, domin ta tare rigyawar in ta zo. Madatsar tana da injin lantarki mai ƙarfin megawat 40. 'Yan'uwanmu na ikilisiyoyin Takum da Katsina-Ala, wannan tafki na kan dutse maƙwabcinku ne, ko da ba ku taɓa ganinsa ba.

Aikin ya yi amfani, iskar da ke cikin tafkin ta ragu ƙwarai. Amma bututu yana tsufa, jiniya kuma tana bukatar mai duba ta. Tun shekara ta 2017 aka shiga faɗa a wannan yanki na Kamaru, hanyar da muka bi ta zama da hatsari, mutane da yawa sun bar gidajensu.

Ya ku masu karatu, a littafin Ezekiyel sura 33 an yi zancen mai tsaro wanda aka ɗora wa alhakin busa ƙaho in ya hango masifa, da kuma alhakin da ke kan wanda ya ji ƙaho ya yi biris. Na gwamnati ne ta sa mai tsaro, namu ne mu ji. In hukuma ta yi shela a rediyo cewa za a saki ruwan madatsa, ko ta ce a tashi daga bakin kogi, kada mu tsaya gardama. Kowane maigida ya zauna da iyalinsa su san tudun da za su nufa, da wanda zai ɗauki tsoho da jariri. Dattawan ikilisiya su shirya yadda za a buga ƙararrawa a tashi unguwa duka, Kirista da Musulmi.

Mu tuna da mutanen Nyos cikin addu'a, musamman waɗanda suka tashi marayu a sansani. Mu roƙi Ubangiji ya kawo salama a ƙasarsu, ya kuma ba mahukunta hikima da aminci cikin aikin tsaron rayuka.