Daga Kalgo Zuwa Gwandu da Ɗaki a Bayan Mota

Motar abokina Injiniya ba ta ratsa ƙauye yara ba su bi ta da gudu ba. A-kori-kura ce ta zamani mai ƙofa huɗu, sai dai a bodinta an ɗora wani akwatin alminiyam. Idan aka tsaya aka ɓalle maƙallansa, aka tura rufin sama, sai tampol ya miƙe ta kowane gefe ya zama ɗaki: ga gado, ga ƙaramin firji, ga tankin ruwa da famfo, ga murhun gas. Na hannu ya saye shi, cikin kayan da ake saukewa a Kwatano. Sana'arsa haɗa wa manoman rani famfon sola, sana'ar da kasuwarta ta buɗe tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, manoman shinkafar Kabi suka ga ribarsu na ƙarewa a tankin injin ban-ruwa. Aikin fadama ba ya ƙarewa da wuri, kuma ba kowane ƙauye ke da masauki ba, shi ya sa ya ga gara ya riƙa yawo da makwancinsa. Da ya ce yana da aiki a ƙasar Kalgo da ta Gwandu a ƙarshen hunturu, na ce da ni za a yi, don na daɗe ina son ziyartar hubbaren Malam Abdullahi, ƙanen Shehu Usmanu, a Gwandu.

Daga Birnin Kabi zuwa Kalgo tafiya ce da ba ta kai rabin sa'a ba, kwalta kuma lafiya lau. Kalgo ta zama ƙofar babban birnin jihar ta kudu: nan babban asibitin da jiha ta gina yake, nan ne hanya ke rabuwa, ɗaya ta nufi Jega, ɗaya ta yi Bunza da Kamba, kuma a kan ta Bunzan ne mazaunin dindindin na Jami'ar Tarayya ta Birnin Kabi yake, wadda aka kafa a 2013. Mun sha fura a tasha, muka bar kwalta muka gangara fadama.

Tun kafin mu yi nisa a burji muka fara jin wani bugu a bayanmu, kamar ana ƙwanƙwasa ƙofa, duk lokacin da mota ta faɗa gargada. Yaron Injiniya, wanda muke tafe da shi, ya ce sifirin ne ya karye. Injiniya bai tanka ba, ya tsaya, ya sauka ya kama akwatin da hannu biyu ya girgiza. Akwatin ya motsa, motar ba ta motsa ba. Irin wannan ɗaki ba a walda shi da mota, sanduna huɗu masu zare ke ɗaure shi da bodi, kuma girgizar hanya takan sassauta su. Ɗaya ta gaba ta saki, ɗakin yana zamewa yana dukan bayan kan mota. Ya ɗaure ta, ya ƙara noti na biyu a kan kowace sanda don ya danne na farko. Yaron ya so ya sa ƙarfinsa duka a sifana, ya hana shi, ya ce idan aka matse fiye da kima, ranar da bodi ya murɗe a rami, gindin akwatin ne zai tsage. A nan na fara lura da tsarinsa: bai taɓa fara zargin abu mai tsada ba. Noti tukuna, sannan sifirin.

Mun yi yinin a gonakin shinkafa, shi yana auna zurfin rijiyoyin da ake bugawa da hannu, ni ina kallon kore shar a tsakiyar rani. Tun da aka ƙaddamar da shirin bai wa manoma rance na Babban Banki a Birnin Kabi a Nuwamban 2015 sunan jihar ya haɗe da shinkafa, amma manomin da muka yi wa aiki ba zancen rance yake yi ba, zancen ruwa yake da kuɗin taki.

Da magariba ta yi Injiniya bai kafa ɗakinsa a daji ba, kuma wanda duk ya san halin da ƙasa ke ciki ba zai tambayi dalili ba. Muka shiga ƙauye, muka yi sallama da mai gari, muka faɗi ko mu su wa ne, aka sanar da 'yan banga. Tsohon ya zagaya motar da fitila, ya ce, “Injiniya, mi kaka nufi? Ka zo garinmu ka kwana bisa mota, a ce ba mu da zaure?”

“Ranka ya daɗe, kayan aiki nake gadi,” in ji Injiniya.

“To, kai ka yi gadinka. Wanga malami dai baƙona ne.”

Na so in kwana a ɗakin don in ga yadda yake, sai aka yi sulhu: muka ci tuwon mai gari a zaurensa, muka ajiye motar a ƙofar gidansa. Wannan wata matsala ce da masu ƙera ɗakin ba su san da ita ba. An yi shi ne don mutanen da ke fita daji su guje wa jama'a, mu kuwa a nan baƙon da ya ƙi shimfiɗar mai gida sai ya yi bayani.

Da aka zo kafa ɗakin, rufin ya ƙi tashi daidai. Gefe ɗaya ya hau, ɗaya ya cije a rabi. Kafin ya taɓa komai, Injiniya ya ajiye kofin ruwa a ƙasan ɗakin, muka ga ruwan ya karkata. Tayar baya ɗaya tana cikin kwari, nauyi ya murɗe akwatin, ginshiƙan da ke ɗaga rufi ba sa tafiya a miƙe. Ya gyara tsayuwar mota, ya sa katako a ƙarƙashin taya, rufin ya ƙara hawa amma da gurnani. Da ya haska mahaɗan ƙarfen sai ga baƙin abu ya daskare a jikinsu. Wani bakanike ne ya yi masa alheri ya lafta musu giris, giris ya kama ƙurar hunturu da yashin fadama, suka zama kamar ƙullin tsakuwa, suna cin ƙarfen maimakon su sulɓe shi. Da kananzir da tsohon buroshin haƙori yaron ya wanke su tas, aka goge, aka bar su kusan a bushe, da ɗan ɗigon mai mara kauri a cikin mahaɗa kawai.

Akwai sauran magana a kan rufin, wadda asuba ta bayyana. Sanduna biyu masu matsattsiyar iska ke taimaka wa hannu wajen ɗaga shi, irin na ƙofar but ɗin mota amma manya. Iskar cikinsu tana raguwar ƙarfi idan an yi sanyi, tana ƙaruwa da zafi, don haka rufin da ya tsaya cak da yamma sai muka tarar ya ɗan sunkuyo da sanyin asuba. Ga shi kuma Injiniya ya ɗora faifan sola biyu a kai, nauyin da ba a auna sandunan da shi ba. Maganin wucin gadi shi ne gora da muka yanka daidai tsayin ɗakin muka tokare. Maganin gaskiya shi ne a karanta lambar ƙarfin da aka rubuta a jikin sandar, a nemo waɗanda suka fi ta, kuma a canza biyun tare, don sabuwa da tsohuwa karkatar da rufi suke yi.

Sauron fadama ya sami ƙofa a ragar taga, zif kuma ya ƙi rufuwa. Zif ɗin kyandir ya warkar da shi bayan an kakkaɓe ƙurar haƙoransa. Ragar kuwa sai da muka isa Jega, inda wani tela mai ɗinka rumfar Keke Napep ya sa mata faci, ya kuma nuna mana abin da ba mu gani ba: tampol ɗin da sauransa, amma zaren ɗinkin rana ta cinye shi, da farce ma yana tsinkewa. Ya bi manyan layukan da zaren roba mai kauri. Ya shinshina wani lungu ya ce, “Alhaji, an naɗe wannan da danshi da damina.” Gaskiyarsa, ga tabon fumfuna nan. Ya ƙara da cewa ba a fafe gora ranar tafiya, in ana son a san inda ruwa ke shiga, yanzu da rani ake ɗaukar buta a zuba daga ƙasa a riƙa hawa sama, wani yana ciki yana kallo, domin inda ruwa ya ɗiga ba lalle nan ya shigo ba.

Jega gari ne na kasuwa a bakin Gulbin Zamfara, kuma da an bar ni da na yini a cikinta, amma aiki na jira. Muka hau babban titin da ya nufi Tambuwal da Sakkwato, muka ratsa Aliero, garin albasa da masu ɗori, buhuna jibge a bakin hanya, warinta har cikin mota. Daga can muka karya hagu muka nufi Gwandu.

Wanda ya karanta tarihi ya zo yana tsammanin babban birni zai yi mamaki. Gwandu gari ne madaidaici a cikin kwari, tuddai na kewaye da shi, kuma wannan kewayen ne ya sa jama'ar Shehu Usmanu suka fake a nan a 1805, shekarar da suka sha wuya a yaƙin Alwasa, har abokan gaba suka biyo su ƙofar garin aka kore su. Shehu ya zauna nan wasu shekaru kafin ya koma Sifawa, kuma da aka raba kula da daula a 1812, yamma ta faɗa hannun ƙanensa Abdullahi, har Nufe da Ilori suka zama suna kallon Gwandu. Fadar sarki ta koma Birnin Kabi tun farkon zamanin Turawa, aka bar wa garin sunan da kabarin. Na shiga hubbaren na yi addu'a ga marubucin Diya'ut Ta'wili da Tazyinul Waraƙat, wanda ya rasu a 1829. Ba wani ƙawa a wurin, kuma a ganina hakan ya dace da mutumin da ya taɓa juya wa mulki baya ya kama hanyar gabas don ya ga jama'a sun fara son duniya. A garin nan ne kuma Bajamushe Heinrich Barth, wanda ya kira kansa Abdulkarim, ya sauka a 1853 zamanin Sarki Halilu. Bai samu ganin sarkin ba, amma ya samu abin da ya fi: kofen Tarikhus Sudan, tarihin Songhai da Tambutu, ya zauna ya kwafi abin da ya iya. Ya ma yaba albasar garin a littafinsa.

A Gwandu ne wuta ta ɗauke mana. Da dare fitilun ɗakin suka yi ja, firji ya yi ƙara ya mutu, ruwan sanyi ya zama ɗumi. Yaron ya yanke hukunci nan take: batir ya mutu, a sayi sabo. Ɗakin yana da batirinsa dabam da na mota, don kada firji ya shanye na tayar da inji, kuma hanya biyu yake samun caji, daga sola da kuma daga injin mota idan ana tafiya. Injiniya ya fito da mita. Batir irin wannan idan ya cika yana nuna 12.6 ko 12.7, idan ya sauko wajen 12.1 rabinsa ya tafi. Namu yana ƙasa da 12. Ya tayar da mota ya auna na gaba, ya ga ya haura 14, wato injin yana caji. Ya dawo na baya, bai gusa ba. Ke nan wutar tana fitowa amma ba ta isowa, laifin yana tsakani. Ya bi waya da fitila, fis lafiya, na'urar da ke haɗa baturan biyu tana ƙarar kamawa. Sai can ƙarƙashin bodi ya tarar da wayar da ke komawa jikin ƙarfen mota ta yi tsatsa, notinta ya saki, ƙila tun bugun da ɗakin ya riƙa yi a fadamar Kalgo. Ya kankare wurin har ƙarfe ya yi fari, ya ɗaure, mita ta hau 13.8. Da gari ya waye muka hau rufi, faifan sola sun yi fari fat da ƙura, har yaron ya rubuta sunansa a kai da yatsa. Mai sayar wa mutane sola, nasa ba a goge ba! Dariyar da mai shayin unguwar ya yi masa ta ishe shi horo.

Famfon ruwa ma ya yi nasa, yana tashi shi kaɗai alhali ba a buɗe kai ba, alamar ruwa na zurarewa a wani wuri. Wani maɗaurin tiyo ne ya saki a bayan tanki, ragar tace ruwa kuma cike da yashin rijiya. Gas ne kaɗai Injiniya bai yarda a yi masa gwaji da ka ba: kumfar sabulu ya shafa a kowace mahaɗa yana duban ko za ta yi ƙwai, kuma bai taɓa kunna murhu taga na rufe ba, bai yarda a ajiye janareta kusa da tampol ba, saboda hayaƙin da ba shi da wari ya kashe mutane da yawa cikin barci a ƙasar nan.

A hanyar komawa Birnin Kabi na lissafa abin da gyare-gyaren suka ci: kananzir, kyandir, noti, gora, da ladan tela. Da an bi ta yaron, da an sayi sifirin da batir, matsalar kuma tana nan. Masu sana'armu, daga mai walda zuwa mai gyaran waya, kowa ya iya nasa ɓangaren, amma ba wanda ya taɓa ganin ɗakin gaba ɗaya, don haka gano inda ciwon yake aikin mai motar ne. Ɗakin yana da amfani ga malamin gona, da likitan dabbobi, da mai auna filaye. Amma duk mai sha'awar saye, in ba zai iya riƙe mita da sifana ba, ya bar kuɗinsa, ya sayi gidan sauro da tabarma mai kyau, ya riƙa yin sallama a zauren mai gari.