Jinin da Mai Ƙaramin Ciki ke Gani: Hukuncinsa a Ibada da Haƙƙin da ke Kan Miji

Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa. Bayan haka:

Ƴan uwa, a cikin tambayoyin da suke zo mini nan Rumbu akwai wadda ba a cika yinta a fili ba. Yawanci uwargidana ce take kawo mini ita daga bakin mata, ko wata dattijuwa ta tare ni bayan la'asar ta ce wai wata ce ta aiko ta. Tambayar ita ce: mace tana da cikin wata ɗaya ko biyu ko uku, sai ta ga ɗigon jini, wani lokaci da murɗar mara. Shin ta yi salla ko ta bari? Na ga ya dace in amsa a nan, domin maza su karanta wa iyalinsu, kunya kada ta hana kowa sanin addininsa.

A mazhabar Imamu Malik, mai ciki tana iya yin haila. Malik ya kawo a Muwaɗɗa cewa labari ya iso masa daga Nana A'isha, Allah Ya ƙara mata yarda, cewa mai ciki idan ta ga jini tana barin salla. Kuma a wajenmu ko ɗigo ɗaya ne, ko ruwa mai fatsi-fatsi ko mai gurɓata, haila ne a babin ibada. Saboda haka za ta dakatar da salla da azumi, mijinta kuma ya nisanci saduwa da ita. Da zarar ya ɗauke sai ta yi wanka ta yi salla, ko da a yinin ne. In ya dawo ta sake dakatawa, tana tara kwanakin jinin kaɗai a lissafi. Azumi za ta rama, salla ba ta ramawa.

Wannan dakatawa tana da iyaka. Wanda ya karanta Ahalari ya san an yi wa mai ciki ƙididdiga ta daban, Shehu Halilu kuma ya faɗaɗa ta a Muhtasar. Daga wata na uku iyakar ita ce kwana 15 zuwa 20, daga wata na shida kuma kwana 20 zuwa 30. Game da wata na farko da na biyu akwai zance biyu, wanda Shehu Dardir ya rinjayar shi ne ta zauna gwargwadon al'adarta ta da, in bai ɗauke ba ta ƙara kwana 3, matuƙar jimla ba ta wuce 15 ba. Abin da ya wuce iyaka jinin ciwo ne: ta yi wanka, ta yi ƙunzugu, ta ci gaba da ibada. Hanafiyya da Hanbaliyya kuwa suna ganin mai ciki ba ta haila, duk jinin da ta gani na ciwo ne. Wadda ta ji wannan daga wani malami kada ta ɗauka ɓata ne, saɓani ne na magabata.

In cikin ya zube, malamanmu sun ce ko gudan jini ne da ya dunƙule, wanda ba ya narkewa idan an zuba masa ruwan zafi, to jinin da ya biyo baya biƙi ne, iyakarsa kwana 60, kuma mai idda ta fita daga iddarta. Abin da ya fito a naɗe shi a ƙyalle a binne, ba a yi masa salla.

Wannan shi ne hukuncin ibada. Amma abin da ya fi damuna yana gaba. Fatawa tana gaya wa mace ko ta yi salla, ba ta gaya mata daga ina jinin yake fitowa. Masana lafiya sun ce kusan mace ɗaya cikin huɗu tana ganin jini a watanni ukun farko, kuma da yawa daga cikinsu suna haihuwa lafiya. Sai dai wani jinin farkon ɓari ne. Wani kuma alama ce ta cikin da ya zauna a wajen mahaifa, a cikin ƴar hanyar da ƙwai ke bi. Irin wannan ba ya girma ya kai haihuwa. Idan hanyar ta fashe, jini yana tsiyaya a cikin ciki inda ido ba ya gani, a waje ɗigo kaɗan ne, mace kuwa tana ƙarewa. Ba rubutu ko saiwa ke tsayar da shi ba, magani ne ko aiki a asibiti.

Don haka ku riƙe waɗannan alamu: jinin da ke jiƙa ƙunzugu da sauri ko mai guda-guda, ciwo mai tsanani musamman a gefe ɗaya na mara, ciwon kafaɗa, jiri ko suma, zazzaɓi, ko ruwa mai wari. Wadda ta ga ɗaya daga ciki a kai ta likita a sa'ar nan, ko tsakar dare ne. Ko ɗigon da ba ciwo ma a je a duba. Daga ƙauyukanmu zuwa asibitin Dakwaro tafiya ce, in an tura Maraɗi kuma wata tafiyar ce. Wanda ya jira gari ya waye ya cinye lokacin da za a yi hanya da shi.

Na taɓa sallatar gawar wata ƴar yarinya mai cikin fari. Kwana uku tana zubar jini, tana jan ruwa a rijiya, tana daka. Kunyar surukai ta hana ta faɗi, mijin yana ci-rani, aka ce a jira izininsa. Allah Ya jiƙanta. Ajali ba ya wuce lokacinsa, amma za a tambaye mu a kan abin da muka iya yi muka bari. Tsare rai yana cikin manyan manufofin shari'a, kuma ceton mai zubar jini ba ya jiran izinin kowa.

Ya kai magidanci, kafin ka yi tafiya ka bar izini a bayyane, ka bar kuɗin mota ko na kabu-kabu a hannun wanda ka amince da shi. Tun 2006 gwamnatin Nijar ta ayyana awon ciki kyauta, ka tura iyalinka da wuri. Ka sa ta kwana cikin sange, domin zazzaɓin sauro yana jawo ɓari da ƙarancin jini. Kada ta sha ƙwayar masu talla ko jiƙon da ba a san ƙarfinsa ba. Ke kuma uwar miji, ki zama wadda sarakuwarki za ta iya raɗa wa sirrinta. Idan an ce ciki ya kwanta bayan jini, a je a yi hoto a tabbatar, domin abin da ya mutu ya zauna a mahaifa yana iya ruɓewa.

Mai cikin da take tsoron azumi zai cutar da ita ko ɗanta, shari'a ta ba ta damar sha, ta rama daga baya. Wadda ta yi ɓari kuma kada a ɗora mata laifi, kada a ce wance ce ta yi mata baki. Mafi yawan ɓarin farko daga halittar ɗan tayin yake, ba daga aikin uwa ba. A yi mata ta'aziyya, a ciyar da ita, a bar ta ta huta.

Allah Ya sauki masu ciki lafiya, Ya musanya wa waɗanda suka rasa da mafi alheri. Allah ne Mafi sani. Wassalamu alaikum.