Ranar da ƙafata ta kulle a feda

Ƙas! Ƙarar da na ji ke nan a ƙarƙashin ƙafata ta dama da sanyin safiyar wata Asabar, a bakin hanyar Zariya, kuma har yau in na tuna sai tsigar jikina ta tashi. Shekara da shekaru ina tuƙa keke da fedar da kowa ya sani, wadda ake ɗora ƙafa a taka kawai, ban taɓa jin akwai abin da na rasa ba. Ran nan sai ga takalmina ya shige cikin feda ya kulle. Na ɗora ta hagu, ita ma ta ce ƙas. Na miƙe daga sirdi na danna da ƙarfina duka, wallahi keken ya zabura kamar dokin da aka sakar wa linzami! Ƙafa ba ta zamewa, ba ta lalube, ko an faɗa rami tana nan inda aka ajiye ta. Kafin mu kai Kura na riga na san ba zan koma tsohuwar feda ba.

Wanda ya ara mini ita babban yayanmu ne a ƙungiyar da muke fita tare, mutumin da ya yi karatu a Ingila ya shiga gasar nan mai kashi uku, iyo da keke da gudu, wadda ake kira tirayatlon. Shi ya juya takalmin ya nuna mini ƙasansa. Wani ɗan faifan roba ne mai kusurwa uku, an ɗaure shi da noti uku a daidai tudun babban yatsa. Mu dai kofato muke ce masa, don da kofaton doki ya fi kama. Hancinsa ke fara shiga gaban feda, ka danna diddige, sifirin ɗin baya ya cafke shi. In za ka fita ba ja ake yi ba, diddige ake murɗawa waje.

"Ƙanena," in ji shi, "kafin ka hau titi, jingina da bango ka shiga ka fita sau hamsin. Ƙafa ce za ta haddace, kai ba zai taimake ka ba in mota ta tsaya a gabanka."

Gaskiya ya faɗa. A mako na biyu wani mai a-daidaita-sahu ya taka birki a gabana ba zato, na ja ƙafa sama kamar yadda na saba, ta ƙi fita, na kife ta gefe da keken gaba ɗaya. Gwiwar hannu ta kurje, wando ya yage. Da na koma gida na gano akwai ɗan noti a bayan fedar da ake sassautawa don kamun ya yi laushi, na mayar da shi can ƙasa, tun daga nan ban sake faɗuwa ba.

Abin ya shiga raina har na bi asalinsa. Ashe da can masu tsere wani ɗan keji na ƙarfe suke zura ƙafa a ciki su ɗaure da maɗaurin fata, tamkar likkafa, kuma in za su tsaya sai sun sunkuya sun kwance da hannu. Shi ya sa Turawa ke kiran wannan sabuwar feda da sunan da ke nufin maras likkafa, ko da yake kulle ƙafa take yi. Kamfanin Look na garin Nevers a Faransa, wanda sana'arsa ta asali ƙera maƙalar takalmin masu zamiya a kan ƙanƙara ce, shi ya ɗauko dabarar ya kawo ta kan keke a 1984. A shekarar da ta biyo baya ɗan tseren keke Bernard Hinault ya ci gasar keke ta Tour de France da ita, karo na biyar da ya ci gasar. Daga nan likkafa ta fara ɓacewa.

Amma duk wannan ba shi ne abin da ya hana ni barci ba. Bayan na sayi tawa fedar ta hannu, na ɗaura kofato da kaina, sai gwiwata ta dama ta fara ciwo. Ba ciwo mai tsanani ba, wani ɗan suka ne a gefen waje da ke tasowa bayan kilomita talatin ya ƙi tafiya sai washegari. Na ɗaga sirdi, na sauke sirdi, na shafa man zafi, duk a banza. Har na fara tunanin ko shekaru ne suka zo. Wata safiya Yaya ya biyo bayana na ɗan lokaci yana kallon ƙafafuna, da muka tsaya sai ya ce in cire takalmi. Yana juyawa ya kama baki.

"Ja ka saka! Wa ya ce ka fara da ja?"

Ni a zatona launin ado ne. Ashe launin kofato magana yake yi! A tsarin Shimano na kekunan titi, wanda ake kira SPD-SL, jan kofato ba ya wasa ko kaɗan, inda ka ɗaure shi nan ƙafa za ta tsaya. Shuɗi yana da wasan digiri 2, ruwan ɗorawa kuma digiri 6. Wasan nan shi ne 'yar damar da diddige ke samu ya ɗan karkata ciki ko waje alhali ƙafa tana kulle. Ni kuwa tun ina yaro ƙafata ta dama a ɗan buɗe take in ina tafiya, yatsu na kallon waje. Na zo na ɗaure ta santal, na hana ta motsi, gwiwa ce ke biyan bashin a kowane juyi. Yi lissafi: juyi tamanin ko casa'in a minti, awa biyu a kan hanya, ai ya kai dubu goma. Sau dubu goma ina murɗa gwiwata zuwa inda ba ta so.

Muka sa ruwan ɗorawa, muka ɗan karkata shi ya bi yadda ƙafata take. Asabar ta gaba na yi kilomita saba'in, ina ta sauraron gwiwar ina jiran sukan ya zo. Bai zo ba. Na sauka daga keke na tsuguna na miƙe, na sake tsugunawa, babu komai! Ɗan roban da bai kai tafin hannun jariri ba, shi ya kusa raba ni da keke, shi kuma ya dawo da ni.

A nan akwai tarkon da ya kamata kowa ya sani. A tsarin Look Keo launukan ma'anarsu dabam ce: baƙi ne ba ya wasa, ruwan toka digiri 4.5, ja kuwa shi ne mafi sakewa, digiri 9. Wato jan wannan kishiyar jan wancan ne. Kuma duk da cewa dukansu noti uku ne, takalmi ɗaya zai karɓi kowanne, kofaton Look ba na fedar Shimano ba ne, na Shimano ma ba na Look ba ne. Mai sayen kayan hannu ya buɗe ido sosai, don sau da yawa feda ake kawowa ba kofatonta.

Daga nan sai na zama mai aron feda. Duk wanda na ga da wata iri a ƙungiya sai na roƙa ya bar ni in gwada. Ta Look da ta Shimano a ƙafata kusan 'yan uwa ne, faffaɗan wurin taka, fuska ɗaya ake shiga, don haka sai ka ɗan shuri hancin fedar ta juyo kafin ka danna. Fedar Time ta Faransa tun farkonta da sakin gwiwa aka san ta, shigarta kuma da laushi. Wadda ta ruɗa ni ita ce Speedplay, 'yar Amurka, da kamfanin Wahoo ya saya a 2019. 'Yar kewayayya ce kamar alewar tsinke, ana shiga ta kowace fuska, ba sai ka duba ƙasa ba, ka taka kawai ta kama. Sifirin ɗinta a jikin kofato yake, ba a feda ba, kuma da 'yan notuna biyu kake saita wasan da kanka, daga sifili har digiri 15. Da na fara hawa ji na yi kamar ina taka sabulu, bayan minti ashirin kuwa gwiwoyina suka saki jiki yadda ban taɓa ji ba. Na so ta ƙwarai. Sai dai mu a nan ƙasa muke saukewa ƙafa, a kan yashi da jar ƙasa, ga ƙurar hunturu wata uku, kuma kofaton da ke ɗauke da sifirin shi ke taka duk wannan. Mai ita ya ce mini kullum yana goge ta da tsohon buroshin haƙori yana ɗiga mata mai maras danƙo. Na san kaina, ba zan juri wannan hidimar ba.

Ga kuma maganar tafiya a ƙasa. Kofaton titi a waje yake, in ka sauka wurin mai shayi sai ka riƙa tafiya a kan diddige kana ƙwas-ƙwas, a kan tayil ɗin masallaci kuwa santsi ne da shi, roban kuma yana cinyewa. SPD mai noti biyu, wadda Shimano ya fitar a 1990 don kekunan daji, ɗan ƙarfe ne ƙarami da ke nutse cikin tafin takalmi, ka yi tafiyarka kamar kowa, kuma ba ruwanta da taɓo. Wanda kekensa na zuwa aiki ne da ɗan yawon ƙarshen mako, ni ita zan ce ya saya, kada ya ji kunyar wai ba ta masu tsere ba ce.

Ranar da Yaya ya nuna mana yadda 'yan tirayatlon ke yi, baki buɗe muka tsaya. A tazarar da ake yi a gasar Olamfik, mutum zai yi iyon kilomita 1.5, ya hau keke kilomita 40, ya sauka ya yi gudun kilomita 10, kuma agogo ba ya tsayawa a tsakani. Don haka tun kafin a fara suke kulle takalman a jikin feda. Ya ɗauko kyauron ɗaure kuɗi guda biyu, ya zura kowanne a 'yar igiyar da ke diddigen takalmi, ya maƙala a jikin keke don takalman su tsaya a kwance. Ya ruga da keken ba takalmi, ya yi tsalle ya hau, ya ɗora ƙafafu a saman takalman ya taka. Kyauro ya tsinke, tas! Sai da keke ya ɗauki gudu sannan ya zura ƙafa ɗaya, ya ja maɗauri guda mai faɗi, ya zura ɗayar. Mutumin da ya haura hamsin! Ya ce ga mai wannan gasa shiga ta fuska biyu ba ta da wani amfani sosai tunda takalmi na ciki tun farko, abin da yake nema shi ne kamu mai ƙarfi da gwiwar da za ta sauka lafiya ta yi gudu.

Ni dai na tsaya a kan SPD-SL da kofato ruwan ɗorawa, na sayi biyu na ajiye. Kafin in cire tsoho nakan zagaye shi da biro a tafin takalmi, don sabon ya zauna daidai inda gwiwata ta yarda. Makon jiya ƙaramin cikinmu ya zo da sabuwar fedarsa a leda, yana ta kokawa da ta hagu ta ƙi ɗauruwa. Na karɓi sifana na nuna masa cewa zaren ta hagu a juye yake, hagu ake murɗawa ta ɗaure. Da muka gama na juya takalminsa na duba launin, sannan na kai shi jikin bango na ce ya fara ƙirga.