Baƙin Mai, Kafur da Tsintsiya: Abin da Baba Mai Lambu Ya Koya Game da Maciji

Duk shekara idan ruwan Agusta ya kankama, Kogin Kaduna ya fara cin gonakin masarar da ke gaɓarsa, sallama ba ta yankewa a ƙofar wani dattijo da ke Unguwar Rimi. Baba mai lambu ake ce masa, saboda ya shafe sama da shekara 40 yana yankan ciyawa da ban ruwan furanni a manyan gidajen GRA da Malali. Masu zuwa wurinsa buƙatarsu ɗaya ce: me za a zuba, ko me za a turara, don maciji ya daina shigowa gida? In da dare ne ba sa ma kama sunansa, sai dai su ce igiyar ƙasa.

A shekarun baya amsar a bakinsa take. Yakan ce a samo baƙin mai wurin makanikai a zagaye katanga da shi, a yayyafa kalanzir a bakin kwata, a barbaɗa farar wuta a dokin ƙofa, mai hali ya ƙara da kafur a lunguna. A daka tafarnuwa da ganyen taba, a ajiye namijin goro a kusurwar ɗaki, a sayo saiwar uwar magunguna a kasuwar Kawo a rataye a bakin akurki. In an ga maciji ya shige rami, a ƙona tsohuwar taya. Duk waɗannan ya gaje su daga manyansa, ya yi aiki da su da zuciya ɗaya, ya kuma koya wa yaran da suka tashi a hannunsa. Gidan da aka yi wa haka, in aka shekara ba a ga komai ba, sai a ce magani ya ci.

Abin da ya sauya masa tunani ya faru ne a daminar 2003, lokacin babbar ambaliyar da ta shiga unguwannin bakin kogi. Ruwa ya cika ramuka, duk abin da ke ciki ya nemi tudu. Wata safiya Baba ya je buɗe wa kajinsa, ya tarar da ɗaya a mace. Daren ranar ya zuba sabon baƙin mai a bakin akurkin, ga shi nan bai ko bushe ba. A tsakiyar man kuwa ga sawun jan ciki, ya ratsa, ya bar baƙin zane a kan siminti har ciki. Da ya haska tocila sai ga gamsheƙa a naɗe bayan buhun dusa, tsakaninta da saiwar da ya rataye bai kai kamu ɗaya ba. Ta fasa kai ta feso dafi, ya kawar da fuska, dafin ya sauka a kafaɗar rigarsa.

Bayan an kashe ta, ya zauna yana lissafin gidajen da ya yi wa aiki ɗaya bayan ɗaya. Duka ya zuba musu mai iri ɗaya. To, waɗanne ne ba a taɓa ganin maciji a cikinsu ba? Su ne waɗanda ake sare ciyawarsu kowane mako, babu tarkace a bayan gida, babu hatsi a zube. Waɗanda aka sha kiransa a kansu kuwa, ko dai akwai tulin bulo da aka jibge aka manta, ko itacen girki jingine da bango, ko kango a maƙwabta, ko ɓeraye sun addabi ɗakin ajiya. A nan ya gane cewa shekara da shekaru laujensa da tsintsiyarsa ne ke aikin, baƙin mai yana shan yabo.

Abin da ya gano da idonsa, masana sun riga sun gwada shi. A 1985 wasu masu bincike a jihar North Carolina ta Amurka sun jarraba abubuwan da mutanen can ke rantsuwa da su, ciki har da kafur da farar wuta da barkono da kwalta, macizan suka bi ta kansu suka wuce. A tsibirin Guam, inda wani macijin bishiya ya ƙarar da akasarin tsuntsayen daji, masu bincike na ma'aikatar gona ta Amurka sun gano cewa man kirfa da man kanumfari suna sa maciji ya gudu idan aka fesa masa a jiki kai tsaye, amma shafa su a ƙasa ko a bango ba ya hana shi shigowa. Dalili yana cikin halittarsa. Maciji da harshe yake ɗaukar ƙamshi, ya kai shi wasu 'yan ramuka biyu da ke rufin bakinsa, kuma abin da yake bi shi ne sawun ɓera da kwaɗo da ƙadangare da 'yan tsaki. Warin da ke hawa kan mutum, ruwan sama ɗaya ke wanke shi, yunwar macijin kuwa tana nan.

Abin da ya fi ci wa Baba rai shi ne cutarwar da waɗannan magunguna ke yi. Baƙin mai da kalanzir suna tsiyaya cikin ƙasa, a unguwannin da gidaje da yawa da rijiya suke sha. Hayaƙin taya yana tayar wa mai asma da ciwonsa. Kafur kuwa yara na ɗaukarsa alewa, kuma likitoci sun daɗe suna gargaɗin cewa yana fasa ƙwayoyin jinin jariran da ke da wani raunin jini na gado wanda ya yawaita a Najeriya, har ya jawo musu shawara mai tsanani. Sai kuma sakankancewa: wanda ya zagaye gidansa da mai yakan fita tsakar gida cikin duhu ba takalmi, ya tura yaro ɗebo itace da magariba, don a ganinsa ya riga ya yi katanga.

Yanzu idan matashi ya zo ya ce, “Baba, a taimaka mana da na maciji,” sai ya ɗauki sandarsa ya ce, “Ɗana, muje in ga gidan.” Daga bayan katanga yake farawa. A sare ciyawa, a kwashe bola, a ɗaga itace da katako a kan dakali nesa da ɗakin kwana. Masara da dusa a zuba su a mazubi mai murfi, domin inda hatsi ya zube ɓera zai zo, maciji kuma yana biye da shi. A riƙa kwashe ƙwai kafin dare, a zagaye akurki da ragar waya mai ƙananan idanu. Reshen mangwaro da ya kwanta a kan rufi a datse shi. Sannan ya durƙusa a bakin ƙofa ya zura yatsa ta ƙasanta: in yatsa ya shige, ƙaramin maciji ma zai shige, sai a sa roba ko katako a toshe. Haka yake bin ramin gafiya da tsagewar bango da bakin magudanar ruwa, yana cewa wannan siminti, wancan raga.

Makewayi ma yana dubawa. Tun da maciji ya sari wata ma'aikaciyar sojan sama a bayan gida a Abuja cikin Nuwamban 2021, ta rasu, mutane da yawa suka shiga zuba gishiri da man dizal a masai. Shi kuwa murfin sokawe yake nema, ya ga ko ya fashe, da bututun iska, ya ga ko an ɗaure bakinsa da raga. Ta nan ɓera ke shiga, ta nan mai binsa ke shiga.

In tsautsayi ya gifta, nan ma ya bar abin da ya taso a kai. Shi da kansa ya taɓa ɗaure ƙafar wani yaronsa tamau da tsumma, aka tsaga wurin aka ɗora baƙin dutse, aka kwana ana jiƙe-jiƙe, ƙafar ta kumbura har cinya kafin a kai shi asibiti. Yaron ya rayu, amma ya rasa yatsa biyu, kuma Baba bai taɓa ba da labarin ba tare da ya sunkuyar da kai ba. Shawararsa yau ita ce ta likitoci: kada a ɗaure, kada a tsaga, kada a tsotse. A cire zobe da awarwaro, a hana mutum tafiya da ƙafarsa, a ɗauke shi zuwa asibiti nan take. In gamsheƙa ce ta tofa a ido, a wanke da ruwa mai yawa, sannan a tafi.

Ya fi jan kunne a kan kububuwa, wadda ake wa kirari da gobe da nisa. Saranta kan zo kamar ba komai, sai jini ya daina daskarewa, dasashi ya fara zuba. Likitoci irin su David Warrell, wanda ya yi aiki a Zariya a shekarun 1970, da Farfesa Abdulrazaq Habib na Jami'ar Bayero ta Kano, sun yi dogon bincike a kan wannan. A asibiti akan zuba jinin mutum a kwalba mai tsabta a jira minti 20. In bai daskare ba, dafi ya shiga, allurar kashe dafi ce mafita. Irinta ake yi wa dubban manoma a asibitin kula da waɗanda maciji ya sara da ke Kaltungo a Jihar Gombe. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce saran maciji na kashe mutum 81,000 zuwa 138,000 a shekara, shi ya sa a 2017 ta sa shi cikin jerin cututtukan da aka yi wa riƙon sakainar kashi.

Baba ba ya zagin masu sayar da garin magani a tasha, domin shi ma ya daɗe a kan wannan hanya. Roƙonsa ga magidanta na Kawo da Badarawa da Rafin Guza da duk unguwar da ke kusa da ruwa shi ne, kuɗin da za su kashe a kan kafur da baƙin mai su sayi tocila da takalmin roba da rabin buhun siminti, su haɗu da maƙwabta su sare kangon da ke layinsu, su kuma tambayi asibitin da ke da allurar dafi tun kafin damina ta yi nisa.