Yaron da na kusa yanke wa ƙauna

Tun da admin ya ce wannan makon nawa ne nake ta jinkiri, don abin da zan faɗa laifina ne, kuma ba kowa ke son tona asirin kansa a bainar jama'a ba. Sunayen yaran zan sakaya su, ku yi mini uzuri.

'Ya'yana uku ne. Babbar mace ce, ita ce irin yarinyar da kowane malami ke so: a biya mata shafi sau biyu ta haddace, a boko kuwa ba ta taɓa wuce ta uku ba. Auta surutu ne da shi, in ya fara labari sai ka ce rediyo. Na tsakiyan shi ne ya hana ni barci. A aji huɗu na firamare, duk ƙarshen zango in an kawo sakamako, daga ƙasa nake fara neman sunansa. A islamiyya ma haka, sa'o'insa sun yi nisa shi yana nan yana maimaita sura guda. Na yi faɗa, na yi duka, Allah Ya yafe mini. Abin da ya fi dukan muni shi ne kalmar da na maida ta kamar sunansa: daƙiƙi. A gaban yayarsa nake faɗa, har in ƙara da "ba ka ganin 'yar uwarka?"

Sai ga watan Satumba na 2021. Duk ɗan Zamfara ya san lokacin. A farkon shekarar an kwashi 'yan matan Jangebe, ranar 1 ga Satumba kuma aka sace ɗalibai a Kaya ta ƙasar Maradun. Gwamnati ta rufe makarantu, aka hana cin kasuwannin mako, bayan 'yan kwanaki aka katse layukan waya. Shinkafi da ranar Alhamis ba ka samun wurin sa ƙafa, mutanen Isa da Sabon Birni da Zurmi har da na Nijar duk sun cika gari, sai ta koma shiru kamar an yi ruwa an ɗauke. Ba waya, ba kasuwa, ba makaranta. Karon farko a rayuwata na zauna gida na yini ina kallon 'ya'yana.

Ƙanena yana sayar da hatsi a zauren gidanmu, tunda kasuwa ba ta ci. Wata rana da la'asar wani dattijo ya zo sayen gero tiya bakwai da rabi, ya ce a haɗa da bashin tiya uku da ake binsa, a cire daga kuɗin da ya miƙo. Ƙanena na laluben kalkuleta a wayarsa, sai yaron nan da ke zaune kan buhu ya faɗi canjin. Aka danna, haka ne daidai. Na ɗauka dace ne. Ƙanena ya yi dariya ya ce, "Yaya, ai sati biyu ke nan shi ke yi mini lissafi."

Da dare na kira shi. Na rubuta tambaya da Turanci irin ta littafinsu, na buhu mai tiya 40 da aka sayar da wani kaso. Ya ƙura wa takardar ido, hannunsa na rawa, ya kasa. Na karɓe takardar, na faɗa masa tambayar da baki, da Hausa. Kafin in rufe baki ya ba ni amsa. Na sake wata mai wuya, ya ɗan motsa yatsu ya amsa. Sai na nuna masa kalma guda a takardar na ce ya karanta. Ya yi shiru, can ya ce, "Baba, ban iya ba."

Shekara huɗu yaro na zuwa makaranta bai iya karatu ba, ni kuma ubansa ban sani ba. Allo yake kwafa kamar mai zane, harafi bayan harafi, littafinsa tsaf, shi ya sa ba wanda ya lura. Ba na ɗora wa malamansa laifi duka, wanda ya taɓa leƙa ajin da yara suka cika har bakin ƙofa ya san malami ɗaya ba zai iya bin kowa ba. Ni da nake da uku kacal me ya hana ni? Da na gaya wa Inna, mahaifiyata, cewa ta yi, "Ni dai na daɗe da sanin yaron ga ba daƙiƙi ba na. Kai na ba ka zama ka dube shi."

Daga baya na karanta cewa wani malamin jami'ar Harvard a Amurka, Howard Gardner, ya fito da ra'ayi a 1983 cewa basira iri-iri ce: ta harshe daban, ta lissafi daban, ta aikin hannu, ta iya zama da mutane. Ni ban ga baƙon abu a ciki ba. Mun taso muna jin cewa a cikin Sahabbai Zaidu ɗan Sabit ya yi fice a rabon gado, Mu'azu ɗan Jabal a sanin halal da haram, Ubayyu ɗan Ka'ab a karatun Alƙur'ani, Khalid ɗan Walid a fagen yaƙi, kuma kowa an sa shi inda ya dace da shi. A wa'azi muna jin daɗin labarin, a gida kuma da mudu ɗaya muke auna yara, wato lambar da aka rubuta a ƙarshen zango.

Amma akwai inda zan ja hankalinmu. Yanzu ana yawan cewa wannan yaron da ido yake koyo, wancan da kunne, a bar kowa da hanyarsa. Masu bincike da suka gwada wannan magana ba su sami hujja mai ƙarfi ba cewa raba yara haka na ƙara musu fahimta. Da na ce ɗana "mai koyo da kunne" ne na ƙyale shi, da har yau bai iya karanta sunan magani a kwali ba. Lissafin nan ƙofa ce kawai da na samu na shiga. Na fara rubuta masa kalmomin da ya riga ya sani: gero, dawa, tiya, buhu, bashi, canji. Da Hausa muka fara, gaɓa-gaɓa, bayan sallar isha'i, minti ashirin ba ƙari, don da ya gaji sai ya koma zane. Ƙanena ya ba shi littafin bashi ya riƙe, dole ya rubuta sunan wanda ya karɓa. Turanci sai da ya zo daga baya, da ƙyar.

Abin da ke tayar mini da hankali in na tuna shi ne, kafin rufe makarantun na riga na fara shawarar cire shi, in bar shi ya bi sa'o'insa duk inda suka nufa. A wannan yanki namu kowa ya san inda yaron da aka fidda rai da shi yake iya ƙarewa. Ba sai na faɗa ba.

Babbar ma ashe ban san ta ba. Da na fara tambayarta ma'anar abin da ta haddace, sai na ga tsoron kuskure ya yi mata yawa, ba ta amsa sai abin da ta tabbatar. Yabon da nake mata a gaban ƙanenta ya zame mata kaya. Wannan har yanzu muna fama.

Shi kuwa yanzu yana ƙaramar sakandare. Bai zama na ɗaya ba, a tsakiyar aji yake, Turancinsa kuma sai a hankali. Ya ce in Allah Ya yarda Poly ta Ƙaura Namoda zai je ya karanta akanta. Kwanan baya ina duba tsohon littafin bashin nan na ga shafin farko da ya rubuta da hannunsa, ya sa "gero" da harafin g a juye. Na tambaye shi ko ya tuna sunan da nake kiransa da shi a da. Ya sunkuyar da kai ya ce, "Na tuna, Baba." Bai ƙara komai ba, ya ɗauki buta ya fita alwala.